Edsger Dijkstra, mai dabarar da ke zaɓa wa saƙonni hanya

An haifi Edsger Dijkstra a birnin Rotterdam na ƙasar Holand a 1930. A 1956, yana zaune wurin shan kofi a Amsterdam, ba takarda ba alƙalami, ya gano dabarar lissafa hanya mafi kusa tsakanin garuruwa biyu. Ya wallafa ta a 1959.

Yau idan wayar intanet ta tsinke, na'urorin raba saƙonni kan baza labarin a tsakaninsu, sannan kowace ta sake lissafa hanya da dabararsa. Kafin labarin ya game ko'ina, saƙonni kan ɓace, shi ya sa injiniyoyi ke ƙoƙarin gaggauta baza shi.

Ya samu kyautar Turing a 1972, ya rasu a 2002.