Gracia Nasi: uwar da ta mayar da dukiyarta hanyar tsira ga mutanenta

Yau tarihin wata mata Bayahudiya zan kawo muku, kuma na san wani zai ce, Malam, duk matan tarihi ba ka ga ta yabo ba sai wannan? To, a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. A Suratu Ali Imrana Allah Ya sanar da mu cewa Ma'abota Littafi ba duka suka zama ɗaya ba, kuma a cikinsu akwai wanda in ka ba shi amanar dukiya mai yawa zai mayar maka da ita. Wannan mata tana cikin waɗanda tarihi ya yi wa shaidar riƙon amana.

An haife ta a Lisbon ta ƙasar Fotugal a 1510. Danginta daga Sifaniya suka fito, bayan korar Yahudawa a 1492, shekarar da Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi. A 1497 Sarki Manuel na Fotugal ya tilasta wa Yahudawan ƙasarsa shiga Kiristanci. Shi ya sa a waje sunanta Beatriz de Luna, a cikin gida kuwa Gracia ce, ana riƙe da addinin kakanni a ɓoye. Irin wannan ƙunci ne Musulmin Andalus su ma suka shiga daga baya, suna salla a ɓoye suna amsa sunan da ba nasu ba.

A 1528 ta auri Francisco Mendes, babban attajiri mai fataucin masoro da kayan yaji daga Indiya, mai ba sarakuna rance. Bayan 'yan shekaru ya rasu, ya bar ta da 'ya ɗaya, Reyna, da rabin dukiyar gidan, ita kuwa ko talatin ba ta kai ba. A 1536 aka kafa kotun binciken aƙida a Fotugal, wadda Larabawa ke kira Mahakimut Taftish, kotun da ke iya ƙona mutum da ransa in an same shi yana bin addininsa na asali. Sai ta ɗauki 'yarta ta koma Antwerp, a Beljiyam ta yau, inda ƙanen mijinta Diogo yake riƙe da reshen kasuwancinsu.

Ka ga, mace irinta tana iya sayen zaman lafiyarta ta rufe ƙofa. Ba ta yi haka ba. Jiragen da ke ɗauko musu kaya daga Lisbon suka koma ɗauko mutane a ɓoye. Daga Antwerp wakilansu su nuna musu hanya ta duwatsun Alps zuwa Italiya, daga can su tsallaka ƙasashen Daular Usmaniyya. Mai gudun hijira ba ya iya tafiya da kuɗinsa a hannu, don haka sai ya damƙa wa kamfanin Mendes, in ya isa ya karɓi abinsa. Da Diogo ya rasu, ita ya bar wa ragamar komai.

Nan jarrabawar uwa ta zo. Fadar Sarki Charles na Biyar ta sa ido kan dukiyar, aka matsa mata ta aurar da Reyna ga wani basarake Kirista. Da ta yarda, da ta samu kariya da matsayi, amma 'yarta ta tafi ke nan har abada. Ta ƙi. Ta sulale ta bar Antwerp da yarinyar zuwa Venice, hukuma ta riƙe wani ɓangare na dukiyarsu. Iyaye, a nan fa sai mu tambayi kanmu, sau nawa ake miƙa yarinya ga wanda ba a yarda da halinsa ba don kawai ya zo da mota?

A Venice kuma ciwon daga cikin gida ya fito. Rigimar gado ta haɗa ta da ƙanwarta Brianda, har maganar addinin da take ɓoyewa ta kai kunnen hukuma. Ta koma Ferrara, inda ta fara amsa sunan Gracia Nasi a fili, ta tallafa wa malamai da masu ɗab'i. A 1553 aka buga fassarar littafinsu mai tsarki cikin Sifaniyanci a Ferrara, aka sadaukar mata da shi.

A shekarar ce ta isa Santambul, zamanin Sarki Sulaiman Alƙanuni. A ƙarƙashin mulkin Musulmi ta samu yin ibadarta ba fargaba, tana da shekara arba'in da uku. Ta gina wuraren ibada da makarantu, ta fanshi fursunoni, talakawa suna cin abinci a gidanta kullum. Mutanenta ko sunanta ba sa kira, La Señora kawai suke cewa, wato Uwargida. Ta aurar da Reyna ga ɗan'uwanta Yusuf Nasi, ta kuma sa aka ɗauko ƙasusuwan mijinta daga Lisbon aka binne a Kudus, don cika masa wasiyya.

Da Fafaroma Paul na Huɗu ya sa aka kama tubabbun dole a garin Ancona, Sarki Sulaiman ya rubuta masa wasiƙa a 1556 yana neman a saki talakawan daularsa. An saki wasu, an ƙona fiye da ashirin. Gracia ta kira 'yan kasuwar Yahudawa su ƙaurace wa tashar jiragen Ancona. Ƙauracewar ba ta ɗore ba, domin kawunansu sun rabu, wasu suna tsoron asara, wasu suna tsoron a huce kan 'yan'uwansu da suka rage a garin. Daga baya ta karɓi hayar garin Ɗabariyya daga hannun sarki don tsugunar da 'yan gudun hijira. Ta rasu a 1569.

Saɓaninmu da ita a aƙida a fili yake, ba na ɓoye shi. Amma an umurce mu da adalci ko ga wanda muka saɓa da shi, kuma zaluncin da wata gwamnati take yi a yau ba zai sa mu goge alherin matar da ta rasu fiye da shekara 450 ba. Sa'annan mu lura, da aka kore ta daga gari zuwa gari, ƙasar Musulmi ce ta buɗe mata ƙofa. Masu hali a cikinmu, maza da mata, ga 'yan gudun hijira nan a garuruwanmu, ga marayu, ga waɗanda ake nema wa kuɗin fansa. Wallahi abin kunya ne a ce mu da muke fatan lada a Lahira mun kasa abin da ta yi.

Allah Ya sa mu zama masu riƙon amana, Ya shirya mana zuri'a.