Miƙdadu ɗan Aswadu, Barden Badar

Duk wanda ke ɗaura sirdi ranar hawan Sallah a Dutsin-Ma ko Kurfi ya kamata ya san Miƙdadu, Allah Ya yarda da shi, gama an ruwaito shi ne farkon wanda ya yi yaƙi bisa doki saboda Allah. Amru ne mahaifinsa, Aswadu riƙonsa kawai ya yi a Makka.

Ran Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, Ƙuraishawa suka zo da dawaki 100, Musulmi kuwa biyu tak. Ɗayansu shi ne Sabha, dokin Miƙdadu. Da mahara suka kore raƙuman Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shi ne mahayin da ya fara amsa kira.

Ya rasu a Jurfu shekara ta 33. Bisa kafaɗun mutane aka kawo shi Madina, Halifa Usmanu ya sallace shi.