Thomas Paine, Baƙon da Ya Raba Amurka da Sarkin Ingila

An haifi Thomas Paine a garin Thetford na ƙasar Ingila cikin 1737. Ɗan talakawa ne. Da aka sallame shi daga aikin karɓar haraji, sai ya yi ƙaura zuwa Filadalfiya a 1774.

Ya tarar mutanen Amurka na rigima da majalisar Ingila, wadda ke ɗora masu haraji alhali ba su da wakili ko ɗaya a cikinta. Ko da yaƙi ya ɓarke a 1775, da yawansu sulhu suke nema da Sarki Joji na Uku.

A watan Janairu 1776 ya buga ɗan littafi, watau Common Sense, cikin harshen da talaka zai gane. Ya soki sarautar gado, ya kuma nuna wauta ce tsibiri ya mallaki nahiya. Littafin ya game ƙasa. Ran 4 ga Yuli yankuna 13 suka yi shelar 'yancin kai.

Daga baya ya rubuta littafin sukar coci, jama'a suka juya masa baya. Ya mutu a Niyu Yok cikin 1809, mutum shida kacal suka raka gawarsa.