Muhammadu Rumfa: Sarkin da gidansa ya zama ma'ajiyar tarihin Kano

Duk wanda ya bi ta gaban fadar Sarkin Kano, daura da Ƙofar Kudu, zai hangi wani tsohon ginin ƙasa mai zankwaye da zane a fuskarsa. Wannan shi ne Gidan Makama, inda a yau ake adana kayan tarihin Kano.

Ɗalibai da baƙi suna shiga su kalli tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da makamai da hotuna. Sai dai ginin kansa ya girmi mafi yawan abin da ke cikinsa, domin ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, sarkin da ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499.

Asalinsa

Rumfa ɗan Sarkin Kano Yakubu ne, jikan Sarki Abdullahi Burja. Shi ne sarki na 20 a jerin sarakunan da suka faro daga Bagauda.

Mafi yawan abin da aka sani game da shi ya fito ne daga littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, kuma Bature H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908.

Ruwayar da ta fi shahara a Kano ta nuna cewa an gina gidan ne domin Rumfa tun yana ɗan sarki mai riƙe da sarautar Makama, kuma a nan ya zauna kafin ya koma sabuwar fadarsa.

Ya taso a lokacin da Kano ke buɗe ƙofofinta ga duniya. Tun zamanin kakansa hanyar Gwanja ta buɗe, goro na shigowa daga kudu maso yamma. A zamanin mahaifinsa kuma malaman Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, Buzaye suna kawo gishiri daga Azbin.

Don haka garin da ya gada gari ne da ya cika da baƙi da dukiya, amma tsarin mulkinsa da faɗin ganuwarsa ba su kai girman harkokinsa ba.

Abubuwan da ya kafa

Tarihin Kano ya lissafa sababbin abubuwa 12 da Rumfa ya kawo. Babba a cikinsu shi ne fadar da ake kira Gidan Rumfa, wadda ya gina a kudancin tsohon gari, nesa da gindin Dala inda sarauta ta fara kafuwa.

Ya faɗaɗa ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta a ƙarni na 12, ta yadda ta haɗe sabuwar fadar da unguwannin da ke kewaye da ita. Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa suna cikin ƙofofin da aka ambata a wannan aiki.

Shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, wadda ta tattara fataken Sahara da na ƙasashen kudu wuri guda. Fatu da jima da turamen rini na Kano sun riƙa fita ta nan har zuwa Arewacin Afirka.

A ɓangaren mulki, ya kafa majalisar da ake kira Tara ta Kano, wadda ta ƙunshi manyan masu sarauta tara irin su Galadima da Madaki da Wambai. Ya kuma fara naɗa babanni a kan manyan muƙamai, mutanen da ba su da 'ya'yan da za su gaje su, wanda hakan ya rage ƙarfin gidajen da ke iya ja da sarki.

Kakaki da figini da takalman gashin jimina da dawakin zage, duk a zamaninsa suka shiga kayan sarautar Kano. Wanda ya kalli Hawan Sallah a yau yana kallon abin da tushensa ke komawa ga wancan lokaci.

Ba duk abin da ya kafa ba ne ya zo wa talakawa da sauƙi. Shi ne ya fara kulle, ya tara mata masu yawan gaske a fada, da dama daga cikinsu an kwaso su ne daga gidajen iyayensu bisa umarnin sarki. A zamaninsa ne kuma Kano ta fara yaƙi da Katsina, aka shafe shekara 11 ana gwabzawa ba tare da wani ɓangare ya yi galaba ba.

Zuwan Al-Maghili

Wajen shekarar 1492 ne Shehu Muhammad bin Abdulkarim Al-Maghili, malami daga Tilimsan ta ƙasar Aljeriya a yau, ya iso Kano. Rumfa ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya kuma nemi shawararsa kan yadda sarki Musulmi ya kamata ya yi mulki.

Malamin ya rubuta masa ɗan littafin da aka sani da Tajud Din, wanda ya yi magana a kan adalci a shari'a, da sauraron koken talakawa, da nisantar cin hanci, da tara dukiyar baitulmali ta halastacciyar hanya. Bayan fiye da shekara 300, jagororin jihadin Sakkwato sun riƙa kafa hujja da rubuce-rubucen wannan malami.

Da shawararsa aka sare bishiyar da ake yi wa tsafi a gari, aka gina masallacin Juma'a. A wannan zamani ne kuma aka fara fita filin Idi. Kusancin Rumfa da malaman Larabawa ya sa ake yi masa laƙabi da Balaraben Sarki.

Al-Maghili ya wuce Katsina, daga baya ya isa Gao wurin Askiya Muhammadu, amma ya bar zuriya a Kano, waɗanda ake danganta Unguwar Sharifai da su.

Rumfa ya rasu a 1499. Ɗansa Abdullahi ya gaje shi, sannan jikansa Muhammadu Kisoki. Matarsa Madaki Auwa ta kasance mai faɗa a ji a zamanin su biyun.

Abin da ya rage a hannun Kanawa

Lokacin da masu jihadi suka kawo ƙarshen mulkin sarakunan Haɓe a farkon ƙarni na 19, sababbin sarakunan sun ci gaba da zama a Gidan Rumfa, kuma har yau nan ce fadar Kano.

Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, sun yi amfani da Gidan Makama a matsayin ofis. Daga baya aka raba shi, wani sashe ya zama makaranta, wani ya ci gaba da zama gidan Makaman Kano, wani kuma aka mayar da shi gidan tarihi ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.

Zaurukan gidan suna bin tarihin garin daki-daki, daga mazauna Dala na farko zuwa sarakunan Haɓe, zuwa jihadi da mulkin mallaka. Akwai kayan kiɗa da kayan hawa da ɗakin amarya irin na da. Rufin azara da bakan gizo da ke saman mai kallo su ma darasi ne a kan ƙwarewar maginan Kano.

Muhimmancin wannan wuri yana ƙaruwa ne saboda abin da ke faruwa a wajensa. Ganuwar da Rumfa ya faɗaɗa ta zaizaye a wurare da yawa. Ruwan sama ya ci wani sashe, masu ɗibar ƙasa sun ci wani, gine-gine sun hau kan wani. A 2010 an rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, kafin a sake gina wata a madadinta.

Tun 2007 ganuwar Kano da wuraren da ke tattare da ita suke cikin jerin share fage na hukumar UNESCO, ba su kai ga shiga jerin wuraren tarihi na duniya ba. A 2024 kuwa hukumar ta sanya Hawan Sallah na Kano cikin al'adun gado na ɗan Adam.

Ginin ƙasa ba ya tsayuwa da kansa, sai da yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina. Gidan Makama ya kai yau ne domin zuriya bayan zuriya an samu masu kula da shi.

Sunan Rumfa yana nan a kan fada da kuma Kwalejin Rumfa, Kasuwar Kurmi tana ci kullum, ana busa kakaki idan sarki ya fito. Amma yaron da aka haifa a Kano a yau, wanda bai tarar da mafi yawan ganuwar a tsaye ba, zaurukan Gidan Makama suna cikin wurare ƙalilan da zai shiga ya ga ƙyauren da ya tsare garin kakanninsa da idonsa.