Usman Waƙi'ullah, ɗan Rufa'a da alƙalaminsa ya hau kuɗin Sudan

Dattawanmu na Hajj Abdalla da suka riƙe takardun fam na farko da Sudan ta buga bayan samun mulkin kai a 1956, da yawansu ba su san cewa rubutun Larabcin da ke jikin kuɗin hannun wani maƙwabcinmu ne ba. Sunansa Usman Waƙi'ullah, kuma a Rufa'a aka haife shi a shekarar 1925, garin nan da ke gabashin kogi, daura da Hasahisa.

Marigayin ya gama sashen zane na Kwalejin Gordon da ke Khartum a 1945, daga nan aka tura shi Ingila, inda ya yi karatu a makarantar zane ta Camberwell a Landan har zuwa 1949. Wani da ya samu wannan dama da ya dawo ya riƙa zane irin na Turawa. Shi kuwa sai ya nufi Alƙahira, ya durƙusa gaban babban gwanin rubutu Sayyid Ibrahim, har ya karɓi ijaza.

A nan ne aikinsa ya sha bamban. Mu da muka tashi da allo da alƙalamin kara mun saba da rubutu mai kauri, wanda ake yi domin yaro ya gane harafi. A wurin Usman harafi abin kallo ne kafin a karanta shi. Yakan ja alif ya yi tsawo, ya lanƙwasa kaf, ya bar fili fari a inda wani zai cika da tawada, amma bai taɓa karya ƙa'idar da ya koyo ba. Aikinsa na 1980 da ke gidan tarihi na Birtaniya shaida ne: haruffa biyar ɗin da suka buɗe Suratu Maryam ya rubuta manya da salon sulusi, sannan ya zuba ayoyin surar da ƙananan haruffan nasakhi a tsakaninsu. Daga nesa haruffa biyar kawai ake gani. Sai an matso.

Da ya dawo Khartum ya koyar a kwalejin zane, inda Ibrahim Salahi da Ahmad Shibrain suka bi ta hannunsa. A 1954 ya buɗe shagonsa mai suna Studio Usman, wanda ya zama majalisar masu zane da marubuta har shekara goma. A 1967 ya koma Landan, ya yi aiki da kamfanin De La Rue mai buga takardun kuɗi.

Abin da ke ba mu takaici shi ne, mafi yawan shekarun ƙwarewarsa a waje ya yi su, shi ya sa mutumin Landan ya fi yaron Jazira sauƙin ganin aikinsa. Yaƙin da ya ɓarke a 2023, wanda aka wawashe gidan tarihi na Khartum a cikinsa, ya ƙara nisanta mu da irin wannan gado.

Ya dawo gida a 2005, ya rasu ranar 4 ga Janairu, 2007. Allah Ya jiƙansa da rahama.