Edward Blyden: Baƙon da ya gargaɗi baƙin Laberiya

Duk wanda ya saba ratsa Sabon Garin Kano ya san titunan Gold Coast da Freetown, ko da bai taɓa tsayawa ya tambayi dalilin sunayen ba. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawan mulki suka keɓe wannan unguwa a 1913 domin akawuna da masu sana'a da 'yan kasuwar da suka biyo dogo daga kudu, cikinsu har da mutanen Saliyo, jikokin bayin da aka 'yanta aka zaunar a Freetown. A shekarar da ta gabaci kafa unguwar ne aka binne, a wancan birni na Freetown, mutumin da ya fi kowa a zamaninsa zurfafa tunani kan yadda baƙo ya kamata ya zauna da ɗan gari a Afirka ta Yamma. Sunansa Edward Wilmot Blyden, kuma tarihinsa ba ya rabuwa da na Laberiya.

An haife shi ranar 3 ga Agusta, 1832 a tsibirin St. Thomas da ke yankin Karibiyan, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Danmak. Iyayensa baƙar fata ne 'yantattu, uban tela, uwar malamar makaranta. Wani limamin coci Ba'amurke, John Knox, ya lura da kaifin basirar yaron, ya tura shi Amurka a 1850 domin ya yi karatun addini. Kwalejin Rutgers ta ƙi karɓarsa saboda launin fatarsa, wasu biyu ma suka bi sahu. A wannan shekarar ce kuma Amurka ta kafa dokar farautar bayin da suka gudu, wadda ta sa ko ɗan da aka haifa cikin 'yanci bai tsira daga kamu ba. Sai Blyden ya shiga jirgin ruwa, ya sauka Monrovia a Janairun 1851 yana da shekara 18.

Ƙasar da ya tarar jaririya ce. Wata ƙungiyar Turawan Amurka da aka kafa a 1816 ce ta ɗauki aniyar kwashe 'yantattun baƙar fata zuwa Afirka. Wasu 'yan ƙungiyar tausayi ne ya motsa su, wasu kuwa masu bayi ne da ke ganin zaman 'yantattu kusa da gonakinsu haɗari ne. A ƙarshen 1821 aka karɓi filin da ya zama Monrovia daga hannun sarakunan gaɓar teku, cinikin da aka ƙulla da bakin bindiga a kan ɗaya daga cikinsu. Zazzaɓi ya yi wa baƙin mummunan kisa: daga mutum 4,571 da aka kawo tsakanin 1820 da 1843, 1,819 kaɗai aka ƙirga da rai a 1843.

Abin da ya kai su ga 'yancin kai kuwa batu ne da kowane ɗan kasuwa zai gane. 'Yan kasuwar Ingila da ke hada-hada a gaɓar sun ƙi biyan kuɗin fito, bisa hujjar cewa ƙungiya ba gwamnati ba ce, ba ta da ikon karɓar haraji. Domin toshe wannan ƙofa, ranar 26 ga Yuli, 1847 baƙin suka ayyana Laberiya a matsayin jamhuriya, Joseph Jenkins Roberts, haifaffen jihar Virginia, ya zama shugabanta na farko. Ingila ta amince da ita a 1848, ita kuwa Amurkar da ta haife ta sai a 1862.

A nan Blyden ya yi tashen da ba a saba gani ba. Ya kammala makarantar Alexander, ya zama shugabanta a 1858, shekarar da aka naɗa shi limamin coci. Kafin nan ya riƙe jaridar Liberia Herald. A 1862 ya zama malamin harsunan Girkanci da Latin a Kwalejin Laberiya, yawancin iliminsa kuwa da kansa ya neme shi. Daga 1864 zuwa 1866 shi ne sakataren harkokin waje.

Amma tun yana cikin gwamnati ya hango ɓarakar da ke ƙarƙashin ginin. Baƙin ba su kai kashi ɗaya cikin ashirin na mutanen ƙasar ba, duk da haka su kaɗai tsarin mulki ya ɗauka 'yan ƙasa. Sun gina gidaje irin na masu gonakin kudancin Amurka, suna sanya kwat da doguwar hula cikin zafin gaɓar teku, suna kallon Kpelle da Bassa da Kru da Vai a matsayin jahilan da za a waye. Mutanen da suka tsere wa ƙasƙanci sun ƙetare teku sun kafa irinsa, sai dai yanzu su ne a sama. Blyden ya yi ta jan kunne cewa ƙasar ba za ta tsaya da ƙafarta ba sai baƙi sun shiga cikin ƙasa, sun koyi harsunan 'yan gari, sun yi auratayya da su, sun ba su kujera a mulki.

Wannan tunani ne ya kai shi ga Musulunci. A 1866 ya ziyarci Masar da Falasɗinu da Sham, ya zurfafa Larabcinsa, da ya dawo ya shigar da harshen cikin darussan kwalejin. Malaman Mandingo da ke saukowa daga cikin ƙasa da littattafansu sun nuna masa cewa akwai karatu da shari'a da tsarin kasuwanci a Afirka tun kafin Bature ya zo. A 1872 da 1873 gwamnatin Saliyo ta aike shi Falaba da Timbo, hedikwatar daular Fulani ta Futa Jalon, ya ga makarantun allo da alƙalai da idonsa. Abin da ya tattara ya fito a littafinsa na 1887 kan Kiristanci da Musulunci da baƙar fata, inda ya kafa hujjar cewa Musulunci ya shigo Afirka ba tare da ya raba mutum da mutuncinsa ba, alhali wa'azin mishan ya koya wa ɗan Afirka raina kansa da kwaikwayon Bature. Daga bakin limamin coci wannan magana ta fito, shi ya sa ta girgiza Landan. Bai musulunta ba, sai dai ya ajiye limancin a 1886.

Siyasa ba ta yi masa daɗi ba, kuma da hannunsa a ciki. Baƙin sun rabu gida biyu, masu hasken fata 'yan ruwa-biyu da ke riƙe da kasuwanci, da baƙaƙe wuluk. Blyden ya tsani ɓangaren farko tsana mai tsanani, har ya mayar da launin fata ma'aunin gaskiyar mutum, wato cutar da ta kore shi daga Amurka ita ya juya ta wata fuska. A 1871 wani gungu ya kusa rataye shi a Monrovia bisa zargin alaƙa da matar Shugaba Edward Roye, abokin tafiyarsa, ya tsere Freetown. Watanni kaɗan bayan haka aka tumɓuke Roye kan wani bashin fam 100,000 da aka ciwo a Landan bisa sharuɗɗa masu tsauri. Blyden ya dawo daga baya, ya yi jakada a Ingila, ya shugabanci kwalejin daga 1880 zuwa 1884, ya nemi shugabancin ƙasa a 1885 ya sha kaye. Wani abin da masu yabonsa kan tsallake shi ne ya yi maraba da mamayar Turawan Ingila da Faransa, yana zaton rainon wucin gadi ne.

Nijeriya ma ta samu rabonta. Yana cikin manyan baƙin da suka halarci buɗe masallacin Shitta-Bey a Legas a 1894. A 1896 gwamnatin Legas ta ba shi muƙamin jami'in harkokin 'yan ƙasa, inda ya yi aikin shawo kan iyaye Musulmi da ke gudun boko don tsoron a kafirtar da 'ya'yansu. Maganinsa shi ne makarantar gwamnati da malamai Musulmi za su koyar da Larabci da addini tare da Turanci da lissafi, kuma a shekarar aka buɗe irinta ta farko a Legas. Daga 1901 zuwa 1906 ya yi wannan aiki a Saliyo a matsayin daraktan ilimin Musulmi.

A Kano, tsarin da Turawa suka shimfiɗa kishiyar ra'ayinsa ne. Fagge ta daɗe tana zangon fatake, inda Buzaye da Larabawa da sauran baƙi ke sauka su cuɗanya da mutanen birni ta hanyar ciniki da aure. Sabon Gari kuwa an yanka ta ne domin baƙo mai ilimin boko ya zauna nesa da ɗan gari. Bambancinta da Monrovia shi ne baƙin Kano ba su taɓa riƙe mulki ba.

Ya ƙare rayuwarsa cikin talauci da rashin lafiya, yana dogaro da ɗan fanshon da gwamnatocin Ingila na Afirka ta Yamma suka haɗa masa. Ya rasu ranar 7 ga Fabrairu, 1912, Musulmin Freetown na cikin waɗanda suka raka gawarsa.

Laberiya ba ta saurare shi da wuri ba. Sai a 1904 aka amince da 'yan asalin ƙasar a matsayin 'yan ƙasa, ƙuri'a kuwa sai a zamanin Shugaba William Tubman cikin shekarun 1940. Jam'iyyar baƙin, True Whig, ta riƙe mulki daga 1878 har zuwa 12 ga Afrilu, 1980, daren da Saje Samuel Doe, ɗan ƙabilar Krahn, da wasu ƙananan sojoji suka kashe Shugaba William Tolbert a fadarsa. Yaƙin basasa ya ɓarke a ƙarshen 1989, a Agustan 1990 kuma sojojin Nijeriya suka sauka Monrovia ƙarƙashin rundunar ECOMOG.