Tarihin Charles Edenshaw, Masassaƙin Haida

Duk wanda ya ga akushi da koshiya a gidajen Haɗejiya ya san cewa masassaƙi yana da hannu a cikin martabar biki. Haka abin yake ga Haida, wata al'umma ta masunta da ke tsibiran Haida Gwaii a yammacin Kanada. Babban gwaninsu a wannan sana'a shi ne Charles Edenshaw.

An haife shi a garin Skidegate wajen 1839. Da ya tasa sai ya koma arewacin tsibiran wurin kawunsa, Albert Edward Edenshaw, wanda basarake ne kuma masassaƙi. A al'adarsu ta wajen uwa ake gado, saboda haka shi ya gaji sarautar kawun nasa.

Su dai Haida zuriya biyu ne, Mikiya da Hankaka, kuma kowane dangi yana da tambarinsa. A babban bikinsu da ake kira potlatch, akan fito da akusan itace cike da man kifi, da cokulan ƙahon awakin dutse. Sai an tausasa ƙahon da ruwan zafi kafin a lanƙwasa shi, sannan a sassaƙa tambarin dangi a mariƙinsa. Baƙo yana ɗaukar cokali ya san asalin mai gida.

Masifu biyu suka auka wa wannan al'ada a zamaninsa. Cutar agana ta 1862 ta hallaka mafi yawan jama'ar, sannan gwamnatin Kanada ta haramta bikin daga 1885. Da biki ya tsaya, sai Edenshaw ya mai da ƙarfinsa ga kayan sayarwa. Ya zuba siffofin gargajiya da tatsuniyoyin Haida a kan farantan baƙin dutse da mundayen azurfa. Matarsa Isabella takan saƙa huluna da saiwar itace, shi kuma ya yi musu zane. Ba ya sa hannu a ayyukansa, masana ne suka gane su ta salonsa.

Ya rasu a 1920, bai ga ɗage dokar ba a 1951. Amma kayan da ya bari su suka zama makaranta ga 'yan baya. Tattaɓa-kunnensa, Robert Davidson, ya kafa dogon ginshiƙi mai sassaƙa a garin Masset a 1969, irinsa na farko bayan shekara kusan 90.